Katin 'Yan Ƙwallo da Abin da Ke Ba Tsohuwar Takarda Daraja

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Ƙauran Namoda ko Shinkafi ko Zurmi cikin shekarun 1990 zai tuna da littattafan rubutu masu hoton Rashidi Yekini a bango, da kalandar 'yan wasa wadda mai shayi ke kafewa da ƙusa a rumfarsa har rana ta koɗar da ita, da ƙananan hotunan da yara ke musaya a bayan aji, a ba da uku a karɓi ɗaya mai wuyar samu. Wannan abu da muka ɗauka shiriritar yara ce, a wasu ƙasashe ya zama fanni mai ƙa'idoji da dillalai da kasuwar gwanjo.

Asalin katin 'yan ƙwallo daga Ingila ne, inda a ƙarshen ƙarni na 19 kamfanonin sigari suka riƙa sanya ɗan kwali cikin fakiti domin kada taba ta karye, daga bisani suka buga hotunan 'yan wasa a kansa don jawo masu saye. A 1961 wasu 'yan'uwa da ake kira Panini na birnin Modena a Italiya suka kafa kamfaninsu na buga hotunan 'yan wasa, suka fitar da kundin gasar cin kofin duniya na farko a 1970, wadda aka yi a Meziko. 'Yan Nijeriya kuwa sai a 1994 suka fara zuwa wannan gasa, a Amurka, inda Yekini ya ci mana ƙwallon farko a ragar Bulgeriya.

To, a nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, domin suna zaton tsufa kaɗai ke sa kati tsada, alhali kuwa sharuɗɗan uku ne, kuma in ɗaya ya faɗi sauran ba su wadatarwa. Na farko ƙaranci, don abin da aka buga dubu ɗari bai zama abin nema ba ko da ya shekara hamsin. Na biyu lafiyar takardar: a Amurka akwai kamfanin PSA da ke duba kusurwoyi huɗu da gefe da fuskar kati, ya ba shi maki daga 1 zuwa 10, sa'an nan ya rufe shi cikin roba, kuma lanƙwasa guda ko tabon manja ya isa ya zubar da mafi yawan ƙimarsa. Na uku, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne sanin asali, wato wa ya buga shi, a wace shekara, ta hannun wa da wa ya biyo, kamar yadda malaman Hadisi ba su karɓar ruwaya sai sun binciki isnadinta. Da waɗannan suka haɗu a kan wani katin Pele da aka buga a Suwidin a 1958, an sayar da shi fiye da dala miliyan ɗaya a 2022.

Kada wannan adadi ya ɗauke hankalin matasa. Mai sayen rufaffen fakiti bisa kwaɗayin ya dace da kati mai tsada ya kusanci abin da fuƙaha'u suke kira garari, wato cinikin abin da ba a san haƙiƙarsa ba, ga kuma jabu ya cika intanet. Batun ajiye hoto kansa malamai sun yi saɓani a kai, kowa ya tambayi wanda ya amince da iliminsa.

Abin da ya fi damuna shi ne namu. Mighty Jets ta Jos da Raccah Rovers ta Kano da Ranchers Bees ta Kaduna sun yi tashe a zamaninsu, amma yau da wuya ka sami matashin da zai gane fuskar mai tsaron gidan ɗaya daga cikinsu; balle ƙungiyoyin unguwa da na makarantu a Ƙaura, waɗanda mai hoto ya ɗauka sau ɗaya, 'yan wasa a jere, na gaba a durƙushe, ƙwallo a tsakiya. Irin wannan hoto sau da yawa kwafi guda ne tak a duniya, yana ƙasan adaka gara na cinsa, danshin damina na manne shi da ɗan'uwansa, ga tashin hankalin da ke raba mutanen ƙauyukan Zurmi da Shinkafi da gidajensu, inda mai gudun tsira da rai ba ya tsayawa ɗaukar takarda.

Saboda haka, ya mai karatu, idan akwai irinsa a gidanku, ka fito da shi, ka kai wa dattijon da ya san mutanen tun yana da rai, ka rubuta sunayensu da shekara da filin wasan a bayansa da fensir, don tawadar biro tana huda takarda. Kada ka manna shi da gam, kada ka kai a gasa masa leda. Ka ɗauke shi da wayarka, ka tura wa 'yan'uwa biyu ko uku, sa'an nan ka sa shi cikin ambulan a wuri busasshe.