HAMPI: BIRNIN DA YA ZAMA KUFAI

A Jihar Karnataka da ke kudancin Indiya, a bakin Kogin Tungabhadra, akwai wani ƙauye da ake kira Hampi. Idan muka sauka daga jirgin ƙasa a Hosapete, tafiyar kamar kilomita 13 ce za ta kai mu can. Abin da za mu fara gani shi ne manyan duwatsu bisa juna, da gonakin ayaba, da kangaye ko'ina.

Wannan ƙauye dā shi ne babban birnin daular Vijayanagara, wadda aka kafa a 1336. Ta kai ƙarshen ƙarfinta a zamanin Sarki Krishnadevaraya (1509 zuwa 1529). Domingo Paes, ɗan kasuwa daga Fotugal, ya ga birnin a lokacin, har ya kwatanta girmansa da na Roma. Daga baya mai riƙon sarauta, Rama Raya, ya yi ta haɗa sarakunan da ke maƙwabtaka da shi faɗa da juna. A 1565 suka haɗa kai, suka ci shi a yaƙin Talikota, suka kashe shi. Aka yi watanni ana washe birnin.

A haikalin Vittala za mu ga karusa ta dutse, wadda hotonta ke jikin takardar rufi 50. A haikalin Virupaksha kuwa har yanzu mabiya addinin Hindu suna yi wa Shiva sujada, kuma dole baƙo ya tuɓe takalmi kafin ya shiga. Sun gaskata cewa yankin nan shi ne ƙasar birai da ke cikin littafinsu Ramayana, kuma a kan dutsen Anjanadri, a ƙetaren kogi, aka haifi Hanuman.

Mu Kirista ba mu yarda da wannan ba, amma ba za mu shiga gidan mutane da ba'a ba. Mu tuna Manzo Bulus a Atina: sai da ya zaga ya duba abin da suke bauta wa da kyau, sa'an nan ya yi musu magana cikin ladabi.

Kafin mu koma, mu tsaya a unguwar sarki. Fadodin katako sun ƙone, harsashinsu na dutse kaɗai ya rage. Amma ɗakuna 11 da aka gina wa giwayen sarki suna nan tsaye. Ɗalibai, duk wanda yake burin mulki ko dukiya, ya yi tunani a kan wannan.