Labarin Tseren Mata na Rabin Mil da Shaidar da Aka Yi Masa

Jama'a ku sani tseren mata ba baƙon abu ba ne. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Nana A'isha ta yi tsere da Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, har ta wuce shi. Amma a Turai sai da aka kai ruwa rana kafin a yardar wa mata su shiga fili.

Wata Bafaransa, Alice Milliat, ita ce ta tsaya tsayin daka. Da manyan wasan Olamfik suka ƙi sauraronta, sai ta kafa ƙungiyar mata a 1921, ta tara su a birnin Faris a 1922, suka yi nasu. Ganin haka aka sassauta. A 1928, a birnin Amsterdam na ƙasar Holan, aka ba mata wasanni 5 kacal a fannin guje-guje da tsalle-tsalle, cikinsu har da tseren mita 800, wato kimanin rabin mil.

To, a nan zancen yake. Ran 2 ga Agusta mata 9 suka fito. Lina Radke ta Jamus ta zo ta fari cikin minti 2 da daƙiƙa 16.8, Hitomi Kinue ta Japan tana biye. Da suka kai, waɗansunsu suka kwanta a ciyawa suna mai da numfashi, yadda kowane mai gudu yakan yi, namiji ko mace. Kashegari jaridu suka buga wai mata sun zube, sun some, abin ba kyan gani. Waɗanda ba su je wurin ba suka ɗauka, suka ƙara gishiri, har likitoci suka sa baki, wai jikin mace ba ya jure wannan nisa.

Wanda ya taɓa ganin matan Gulma sun ɗauko dammunan shinkafa daga fadama zuwa gida, ya san nauyin wannan magana.

A kan wannan shaida mara tushe aka soke tseren, shekara 32 cur. Sai a 1960, a birnin Rum, aka mai da shi, wata mutuniyar Rasha, Lyudmila Shevtsova, ta cinye cikin minti 2 da daƙiƙa 4.3, ta koma masauki da ƙafarta. Radke tana da rai a lokacin. Hitomi kuwa ta rasu tun 1931, tana da shekara 24.