'Yan Tattakin Asuba

A wata unguwa da ke kusa da Filin Sukuwa a Kano, ana idar da sallar asuba za ka ga dattawa a ƙofar masallaci suna sauya takalma, silifa a leda, kambas a ƙafa. Yawancinsu 'yan fansho ne da 'yan kasuwa, kuma da wuya ka sami wanda likita bai taɓa auna jininsa ya girgiza kai ba. Ba shugaba, ba kuɗin rajista. Kafin rana ta fito sun zaga unguwa sun dawo.

Iyayenmu ba su san wani abu wai shi motsa jiki ba, domin kasuwa da gona da zumunci duk da ƙafa suke zuwa. Acaɓa ce ta fara sangarta mu. Da aka hana ta a Kano a 2013 sai Adaidaita Sahu ta gaje ta, har ta kai mutum na jiran abin hawa don tafiyar da ba ta wuce layi uku ba. Hawan jini da ciwon suga kuwa suka samu wurin zama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar, kuma tafiya da ɗan sauri ta wadatar.

Sai dai ba wannan lissafi ke tayar da dattawan nan ba. Wanda ya sayi keken motsa jiki ya ajiye a ɗaki, kafin wata ya zagayo shanya ake yi a kansa. A nan kuwa, ka yi fashin kwana biyu sai waya ta shigo: "Alhaji, lafiya dai? Ko bargo ne ya riƙe ka?" Kunyar wannan tambaya ta fi takardar likita aiki, musamman da hunturu. A hanya ake jin wanda aka kwantar a asibiti da wanda zai aurar da 'ya, a taɓa gardamar siyasa da farashin shinkafa. Da azumi a mayar da fitar bayan tarawihi. Wasu in an tashi sukan zarce wurin mai koko da ƙosai su mayar da abin da suka ƙona, wannan kuma tsakaninsu da likitansu.

Hanyar ce babbar matsala: masu tebura da motoci sun cinye gefen titi, magudanan ruwa a buɗe, ga duhu. Mata kuma ba sa cikin ayarin, domin a lokacin suna fama da murhu da shirin 'yan makaranta, alhali hawan jini da ciwon suga ba su ƙyale su ba.

Filayen makarantun unguwa a kulle suke Asabar da Lahadi. Masu unguwanni da shugabannin makarantu, a taimaka a buɗe wa iyayenmu mata su ma su taka.