Sabbin Tagogi ga Tsohon Jirgin Ruwa

Yau za mu leƙa gaɓar tekun kudancin Ingila, inda masu ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska ke fito da su tudu idan hunturu ya kama, su jera su a kan katakai domin gyara. Cikin ayyukan da mai jirgi ya fi ɗagewa daga bana zuwa baɗi akwai canjin tagogin ɗakin jirgi.

Yawancin waɗannan jirage sun manyanta. Akwai samfurin da ake kira Westerly Centaur, mai tsawon ƙafa 26, wanda aka ƙera guda 2,444 tsakanin 1969 da 1980, kuma har yau da dama suna kan ruwa. Jikinsu na faiba ne, yana jure shekaru. Tagogi ne ke fara gajiya. Da farko sai ka ga taga ta dushe, daga baya ƙananan tsaga su bazu a cikinta, can kuma ruwa ya fara ɗiga kan katifar matuƙi, fumfuna ta kama labule.

Wani zai ce ai ɗigar ruwa ce kawai, a tara kwano. To, a 1950 wani Bature mai suna Humphrey Barton da abokin tafiyarsa Kevin O'Riordan sun tashi daga Falmouth ta Ingila zuwa New York a cikin Vertue XXXV, jirgin da tsawonsa ƙafa 25 ne da ɗoriya. Guguwa ta rutsa da su a tekun Atlantika, igiyar ruwa ta ɗaga jirgin ta maka shi a kan gefensa, tagar ɗaki ta tarwatse, ruwa ya kwararo ciki. Da ƙyar suka toshe ramin suka kwashe ruwan, suka isa bayan kwana 47. Tagar da ta fashe ta ɓangaren da jirgin ya faɗa a kai ce, domin nauyin jirgin gaba ɗaya ne ya danna ta a kan ruwa. Shi ya sa matuƙan da suka san teku ke lissafa taga cikin bangon jirgi.

Da me ake yin tagar? A ƙananan jirage galibi roba ce mai kama da gilashi, kuma iri biyu ne ke takara. Akwai akirilik, wadda kamfanin Röhm da Haas na Jamus ya fito da ita da sunan Plexiglas a 1933, kamfanin ICI na Ingila kuma ya kira tasa Perspex. Sai polikabonet, wadda masana a kamfanin Bayer na Jamus da General Electric na Amurka suka gano a 1953, ana sayar da ita da sunan Makrolon ko Lexan. Polikabonet ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, da wuya guduma ta fasa ta. Matsalarta ita ce saurin karcewa da rashin jure rana. Duk direban da ya ga murfin fitilar motarsa ya yi rawaya ya dushe ya riga ya san halinta, domin da ita ake yin sa. Akirilik ta fi daɗewa garau a rana, kuma ana iya goge ƙananan karce a jikinta. Don haka masu gyara da yawa suka fi karkata gare ta, musamman wadda aka zuba a mazubi, mai kaurin milimita 6 zuwa 10, gwargwadon faɗin tagar.

Yanzu ga inda aikin yake. Akirilik tana miƙewa idan ta sha zafi, ta tsuke idan ta ji sanyi, kuma motsinta ya kai ninki takwas na gilashin gaske. Taga mai tsawon mita ɗaya, idan zafi ya ƙaru da digiri 30, za ta ƙara tsawon kusan milimita 2. Mai duhun launi ta fi shan zafi, don haka ta fi motsi. Jikin faiba da firam ɗin alminiyon ba sa miƙewa haka. Idan aka huda ramin sukuru daidai da kaurinsa, aka ɗaure tamau, robar ba ta da wurin zuwa, sai ta tsage. Je ka dubi tsohuwar taga: sau da yawa za ka tarar tsagar daga bakin ramin sukuru ta taso. Wanda ya ɗaure da dukan ƙarfinsa don gudun yoyo shi ne ya jawo yoyon.

Saboda haka gwanin aiki yakan buɗa ramin ya fi sukurun faɗi, ya nisanta shi da bakin tagar, ya sa washa, ya guji sukuru mai kai kamar mazurari wanda ke shiga yana buɗa robar. Bakin abin hudawa ma sai an ɗan dakushe shi, a tokare robar da katako ta baya, in ba haka ba ya cafke ta ya fasa a hudar ƙarshe, kuɗi sun tafi.

Cire tsohuwar taga ba wuya. Kankare tsohon gam shi ne wahalar, kuma ya fi sauran aikin cin lokaci. Idan mai jirgin na baya ya lafta silikon na banɗaki, sai an kankare shi tas, domin sabon gam ba ya kama wurin da ragowarsa take. Tsohuwar tagar kuwa ba a yar da ita, da ita ake auna sabuwa. Takardar da ke manne a jikin sabuwar robar ana barin ta har a gama aiki.

Wajen mannewa ra'ayi ya rabu. Masu firam da sukuru sukan shimfiɗa zaren gam baƙi mai danƙo da ake kira butil, wanda ba ya bushewa, yana toshe ruwa amma ba ya riƙe taga shi kaɗai. Wasu sun daina huda rami kwata-kwata, suna manne tagar da salatef mai fuska biyu na VHB na kamfanin 3M, su zagaye bakinta da Dowsil 795, wanda asalinsa na manne gilasan manyan gine-gine ne. Wasu kuma Sikaflex 295 UV suke sawa, tare da baƙin shafe a gefen tagar don kare gam ɗin daga rana. Ko wanne aka zaɓa, dole gam ya yi kauri, domin kaurin ne ke ba shi damar lanƙwasa idan taga ta motsa. Wanda ya matse shi har ya zama siriri, zai sake aikin nan ba da jimawa ba. Akwai kuma gam ɗin 3M 5200 da sababbin shiga ke sha'awa saboda ƙarfinsa. Ranar da za a sake cire tagar, yana iya ɓantaro fatar faiba tare da ita.

Sanyin Ingila na jinkirta bushewar gam, don haka mutum yakan cire tagogin cikin hunturu, ya rufe ramukan da falanki ko leda, ya jira rana ta fito. Bayan gam ya kama, sai wani ya tsaya waje da tiyo yana fesa ruwa, wani yana ciki yana duba ko akwai ɗiga.

Saura wanki. Maganin goge gilashi mai amoniya, da asiton da mata ke goge jan farce da shi, duka suna haddasa irin tsattsagewar da aka sha wahalar kawarwa. Ruwa mai daɗi da ɗan sabulu da tsumma mai laushi sun wadatar, kuma a fara ɗauraye gishirin teku kafin a sa tsumma, don kada ya karce robar.