Inda Kwalta Ta Ƙare: Yawon Ƙauyukan Achika a Ƙaramar Jif

Ranar Juma'a da hantsi, gadar Wudil ba ta da masaka tsinke. Tirelolin shanu sun nufi kara, tifofi sun fito daga bakin kogi ruwa na ɗiga daga yashin da suka ɗauko, ga bas-bas na hanyar Maiduguri kowa na danna wa kowa oda. Mafi yawan masu ratsa garin, wanda ke da nisan kilomita kusan 40 daga birnin Kano, iyakar abin da suka sani game da shi ke nan: gada, kasuwa, jami'ar kimiyya da fasaha da aka buɗe a 2001, sai makarantar horar da hafsoshin 'yan sanda. Alhali ƙaramar hukumar Wudil mazaɓu goma gare ta, Achika kuma ɗaya ce daga cikinsu. Hanyarta ta tashi daga Wudil, ta bi ta Utai, tsohon mazaunin Fulani Joɓawa, ta isa Achika, ta zarce Darki.

Wannan babbar hanya ce, kowace mota tana binta. Abin kallon yana gefenta, inda 'yan siraran hanyoyi suke ɓallewa dama da hagu su shige cikin gonaki: hanyar amalanke, burtalin shanu, da turbar da babura suka tattake har ta yi santsi. Su ne suke kai mutum unguwanni da rugage da fadamun da ba a hango su daga titi. Mai son ya bi su da mota yana buƙatar abu biyu, motar da ta dace da kuma sanin ƙasa, na biyun kuwa ba a sayar da shi a wajen dillalai.

A fara da motar. Idan aka ce mota mai ja da ƙafa huɗu, hankalin mutum sai ya tafi kan Land Cruiser ta manyan ma'aikata ko Hilux ta jami'an tsaro. Suna da ƙarfi, babu musu, amma suna da nauyi da faɗi, burtali kuma ba don su aka yi shi ba. Amalanken shanu ne ya auna faɗinsa. Babbar jif idan ta kutsa sai ta kwashi shinge, ta tattake kunyar gefen gona, in kuma ta nutse a laka da nauyinta na sama da tan biyu, sai an nemo tarakta.

Nan ne ƙananan jif-jif suke cin kasuwarsu, kuma wadda ta fi suna a cikinsu ita ce Suzuki Jimny. Kamfanin Suzuki na Japan ya fara fitar da ita a 1970 da ɗan injin da bai wuce cc 360 ba, wato bai kai injin wasu manyan babura ba. An yi ta ne don masu aikin daji da na gine-gine a ƙasar da duwatsu suka yi wa yawa, hanyoyin karkararta kuma matsattsu ne. Samfurin da aka fitar a 2018 yana da injin lita 1.5, nauyinsa ya ɗan haura tan ɗaya, tsakanin cikinsa da ƙasa kuma santimita 21 ne. Motar da maza biyar za su iya jijjigawa su fitar daga rami ke nan. Akwai tsofaffin 'yan uwanta irin su Samurai da Vitara ta da, sai Pajero ƙarama ta Mitsubishi. Sabuwar Jimny dai kuɗinta ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. Gwanjon da ke fitowa daga Japan kuma sitiyarinsu a dama yake, Nijeriya kuwa ta koma tuƙi a hannun dama tun 2 ga Afrilun 1972, saboda haka doka ba ta yarda da mota mai sitiyari a wannan ɓangaren ba. Mai saye ya duba da kyau ko an juya sitiyarin ne a gareji, don irin wannan juyi yakan zo da matsalar birki da waya.

To, mene ne jan ƙafa huɗun? Mota ta yau da kullum tayoyi biyu kawai injinta yake juyawa, na gaba ko na baya. Tsakanin tayoyin biyu akwai wasu haƙoran ƙarfe da ke ba ɗaya damar gudu fiye da ɗaya a kwana. Amfaninsu a kwalta babba ne, amma a taɓo su ne masu cin amana: da zarar taya ɗaya ta rasa abin kamawa, sai ƙarfin injin ya tafi gare ta, tana ta wulwulawa tana watsa laka, ɗayar kuma tana tsaye kamar ba da ita ake ba. A ƙaramar jif akwai ɗan sanda na biyu kusa da giya. Idan aka ja shi sai a haɗa tayoyin gaba da na baya su ja tare. Idan aka ƙara jansa sai a faɗa giyar ƙarfi, wadda direbobi suke kira ogzilari, inda mota take tafiyar hawainiya amma da ƙarfin ingarma. Motoci da yawa da ake kira jif a Kano, irin su RAV4 da CR-V, ba su da wannan giya, kuma masu su sukan gano haka ne bayan sun riga sun nutse. Gargaɗi ɗaya: ba a barin ƙafa huɗu a haɗe a kan busasshiyar kwalta, domin tayoyin ba su samun sulɓin da za su sauke matsi, sai ƙarfen cikin ya yi ta murɗewa har ya ci kansa.

Ƙasar wannan yanki iri biyu ce ga direba, kuma kowace da lokacin da take baje kolinta. Da rani da bazara, abokin gaba shi ne rairayi. Jigawa takan yi laushi har taya ta nutse zuwa rabi, musamman a gangaren da ruwan damina ya tara yashi. Direban da ya saba, yana hango wurin ya canza launi ya yi fari sai ya tsaya tun a kan ƙasa mai tauri. Ya sauko, ya tsuguna gaban taya, ya kwance murfin bawul, ya danna shi da tsinken ashana, iska na fita da shuuu, yana kallon gefen tayar har ya ga ta ɗan yi tumbi. Haka zai bi duka huɗun. Tayar da aka rage wa iska tana shimfiɗa tafinta a kan yashi kamar tafin raƙumi, maimakon ta haƙa rami. Sannan ya shiga da giya ta biyu, ƙafarsa a kan totur ba ƙari ba ragi, ba ya taka birki, ba ya murza sitiyari da ƙarfi. Wanda ya ji mota ta fara nauyi ya danna mata wuta, kabarinta yake haƙa mata. Daga baya dole a mayar da iskar kafin a hau titi, shi ya sa famfo yake cikin kayan tafiya, ko da irin na ƙafa ne.

Damina kuwa wani karatun ne daban. Daga Yuli zuwa ƙarshen Agusta, lokacin marka, laka ta fadama takan zama kamar sabulu, ta cike zanen taya har ta koma sumul. Ruwa yakan kwanta a kan hanya ya ɓoye ramin da zaizaya ta yi a daren jiya. Dokar masu hankali ita ce a naɗe wando a shiga da ƙafa, da sanda a hannu, kafin a sa mota. Abin tsoro shi ne ruwa ya kai bakin bututun da injin yake shaƙar iska, domin ruwa ba ya matsuwa kamar iska, cokali kaɗan ya isa ya lanƙwasa ƙarfen cikin injin. Wanda ya gangara ta wajen kogi kuma ya tuna cewa ruwan Wudil daga kogin Kano da na Challawa yake zuwa, kuma akwai madatsar Tiga da aka gama a 1974 da ta Challawa da aka gama a 1992 a samansa. Ana iya wayar gari sama tas babu hadari amma ruwa ya ƙaru.

Duk gwanintar mutum wata rana sai ya kafe, kuma a nan ne yake sanin mutanen karkara. Kafin ya gama zagaya motar yana tsaki, yara sun iso. Can sai ga manoma sun ajiye fartanya sun nufo shi.

"Sannu Alhaji, ai nan ba a bi da damina. Da ka tambaya."

Ba za su tsaya dogon zance ba. Wani zai kwashe lakar gaban taya da fartanya, wani ya kawo kara da rassan darbejiya a cusa a ƙarƙashi, sauran su jeru a baya su kafa kafaɗa. Dattijon cikinsu ne zai ba da umarni: kada a ba ta wuta da yawa, a bari sai an ce. Ana cewa "to, bismilla" sai ihu ya tashi, laka ta wanke wa kowa riga, motar ta yi tsalle ta dire a kan tudu. Abin da ya dace a nan shi ne godiya da ɗan abin goro, a miƙa wa babbansu ya raba. Wanda ya ja mota ya tafi ba ko waiwaye ya ɓata wa na bayansa hanya.

Lokacin da ya fi daɗin wannan yawo shi ne daga kaka zuwa farkon hunturu. Ƙasa ta tsane amma ba ta saki ba, an girbe gero an jera dammuna, dawa ta sunkuyar da kai, ana roron wake ana cirar gyaɗa. Gawo, wanda ya shafe damina tsirara babu ganye, a lokacin ne yake fara yin kore, dabbobi na taruwa a inuwarsa. Ga ɗorawa da tsamiya da kuka tsaye a tsakiyar gonaki, waɗanda manoma suka bari da gangan saboda kalwa da kunu da miya. A fadamu an fara tada injin ban-ruwa don tumatir da albasa. Sai dai kaka ma da nata tarkon: tushiyar karan dawa da aka sare a karkace tana huda gefen taya kamar mashi, haka ƙayar aduwa da ta bagaruwa. Hujin gefe kuwa mai faci ba ya iya masa abin kirki. Safaya mai lafiya, jak, ɗan katakon da za a ɗora jak a kai don kada ya nutse, shebur, igiya mai ƙarfi da jarkar ruwa, kada a bar gida babu su. Mai kuma a sha shi tun daga Wudil.

Gaskiyar da mai jif ba ya son ji ita ce, sarkin waɗannan hanyoyi babur ne. Bajaj da Jincheng su ne suke ɗaukar buhu biyu da mutum biyu su ratsa inda mota ba ta isa ba, su ne motar asibiti idan haihuwa ta zo da gardama cikin dare. Kafin su, akori-kurar Fijo ce ta yi zamaninta. Kamfanin da ke haɗa ta a Kaduna ya fara aiki a 1975, kuma duk da tayoyin baya kawai take ja, tsayinta da taurin ƙafarta sun kai ta kasuwannin ƙauye da lodin da ya ninka abin da aka rubuta mata. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a 2024, ƙaramin inji ya ƙara daraja a idon kowa. Saboda haka baƙon da ya zo mararraba ya rasa inda zai bi, ɗan acaɓa zai tsayar. Shi ya san kwalbatin da ya karye a makon jiya, abin da taswirar waya ba ta da labari. Matambayi ba ya ɓata, in dai ya fara da sallama.

Ladabin hanya ma yana cikin tuƙin. Baƙon da zai daɗe a gari yakan fara da gaida mai unguwa ko dagaci, ya faɗi abin da ya kawo shi. Ba a ratsa gona don kauce wa taɓo, ko da kunya biyu ce, domin abincin wani ne. Garken shanu idan ya tare burtali, a kashe oda a jira makiyayi ya kaɗa su. A rage gudu a bakin gidaje saboda ƙura da yara da kaji, kada kuma a ɗaga waya a ɗauki hoton mata ko cikin gida ba izini. A fita da wuri, a dawo kan titi kafin magariba, a kuma bar wa wani a gida labarin inda aka nufa.

Akwai wani abu da ke tsaya wa mai yawon a rai idan ya dawo. Ramin da ya ba shi nishaɗi na rabin sa'a, shi ne yake sa tumatirin wani ya ruɓe kafin ya kai kasuwa, shi ne yake ninka kuɗin ɗauko taki. An sha yin yunƙuri: gwamnatin Babangida ta kafa DFRRI a 1986 don hanyoyin karkara da ruwa, a 2020 kuma Bankin Duniya ya amince da shirin RAAMP na hanyoyin karkara, wanda Kano take cikin jihohin da ya shafa. Amma hanyar burji ba a yin ta sau ɗaya a tafi. Tana son a riƙa yashe magudanarta, a gyara kwalbati, a zuba mata jar ƙasa bayan kowace damina, aikin da yawanci matasan gari ne suke yin sa da gayya da kwandunansu. Ƙaramar hukuma da wakilan yankin su ware wa wannan gyara kuɗi duk shekara, a kuma yi shi tun watan Afrilu ko Mayu, kafin ruwan fari ya sauka.