Na'urar Daidaita Bugun Zuciya: Dabarar Toshe Ƙofa Don Ceton Rai

Zuciyar ɗan Adam ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. A ɗakin sama na dama akwai wani ɗan curin nama mai sakin tartsatsin lantarki sau 60 zuwa 100 a minti guda, kuma kowane tartsatsi sai ya ratsa wata 'yar mahaɗa da ke tsakanin sama da ƙasa kafin manyan ɗakunan ƙasa su matsa su tura jini cikin jiki. Mahaɗar nan tamkar mai gadin ƙofa take.

Akwai cutar da ke sa ɗakunan sama su daina bugawa sosai, su shiga karkarwa, saƙonni sama da 300 a minti suna tururuwa a bakin ƙofar. Mai gadi kan tare da yawa, amma waɗanda suka kuɓuce sun isa su hargitsa bugun. To, ina ga zuciyar da dama ta gaza, wataƙila hawan jini ya gajiyar da ita? Sai haki, da kumburin ƙafa, da kasa kwanciya rigingine.

Tun 1958 likita Ake Senning ya dasa na'urar farko a jikin Arne Larsson a ƙasar Suwidin. Awa kaɗan ta yi ta mutu, amma Larsson, da aka yi ta sauya masa wasu, ya rayu har 2001. Wani sabon nau'i da aka gwada a Faransa a 1994 yana aika wayoyi ga ɗakunan ƙasa biyu, domin su matsa lokaci guda, kamar mutum biyu masu jan guga da igiya ɗaya.

Sai dai ga matsala. Na'urar ba ta amfani sai ita ce ke ba da umarnin kusan kowane bugu, alhali saƙonnin sama sukan riga ta. Saboda haka likitoci kan zura siririyar waya ta jijiya, su ƙone mahaɗar da gangan. Shawara ce mai nauyi, domin daga ranar majinyaci ya dogara ga na'ura har ƙarshen ransa.

A 2021 Michele Brignole na Italiya da abokan aikinsa suka bayyana sakamakon gwajin majinyata 133. Cikin 63 da aka ƙone wa mahaɗa aka dasa musu na'ura, 7 suka rasu; cikin 70 da suka tsaya kan magani kawai, 20. Adadin majinyatan bai da yawa, amma tazarar ba ta rainawa ba ce.

Ɗakunan sama kuwa suna nan suna karkarwa, jini na iya daskarewa a cikinsu, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Don haka majinyacin zai ci gaba da shan maganin tsinka jini, a kuma sauya masa na'ura idan batirinta ya yi sanyi bayan wasu shekaru.