Tsohuwar Mota Mai Yoyon Baƙin Mai: Ladan Gyara Da Zaɓen Bakanike

Idan kaka ta yi, amfanin gona ya taru a masussuka, ba abin da manomi yake bukata kamar abin ɗauka. A da jakuna da raƙuma ke wannan aiki. Yanzu kuwa galibi tsofaffin motoci ne, su akori-kura da ƙananan motocin da aka cire wa kujerun baya. Su ke kutsawa ƙauyuka su kwaso masara da wake da gyaɗa, su kai manyan kasuwanni irin su Dawanau ta Kano. Wasunsu ma Peugeot 504 ne, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan an buɗe ma'aikatar can cikin 1975.

Tsohuwar mota kuwa ba ta rabuwa da yoyo. Sai mai ita ya tashi da safe ya tarar da baƙin tabo a ƙasa inda ta kwana. Ya tafi gareji, bakanike ya leƙa ƙarƙashi ya yanka masa kuɗi. Ya matsa gaba, wani ya ce zai yi a rabin haka. To, wanne zai bi? Ba zai iya rarrabewa ba sai ya san abin da ya lalace, da irin wahalar da ke cikin gyaransa.

Abin da kaskon yake yi

A gindin kowane injin mota akwai wani kasko, wanda kanikawa suke kira botom filet. A cikinsa baƙin mai yake taruwa, misalin lita 4 a ƙaramar mota. Akwai famfo mai zuƙo man ta wani bututu mai rariya a baki, ya watsa shi ko'ina cikin inji don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Tsakanin kaskon da jikin inji akwai gasket, watau wata siririyar shimfiɗa ta roba ko makamancinta mai tare yoyo. A gindinsa kuma akwai noti wanda ake kwancewa ranar juye.

Da yake shi ne a ƙasa, shi ke karo da dutse da kututture da kunyar gona. In man ya tsiyaye mota tana cikin tafiya, 'yan mintoci kaɗan sun isa inji ya buga. Daga nan kuwa ba maganar gasket ake ba, maganar sauke inji ake, wanda kuɗinsa yakan cinye ribar noman shekara. Saboda haka in jar fitilar mai ta kama, wajibi ne direba ya kashe mota nan take, ko da saura mil ɗaya ya isa kasuwa.

Ciwon kaskon iri huɗu ne. Ko gasket ya bushe ya tsage don tsufa. Ko zaren notin juye ya cinye don yawan ɗauri. Ko kaskon ya lotsa. Ko kuwa ya fashe, ko tsatsa ta huda shi. Lotsawa ita ce mai yaudara, don sau da yawa ba a ganin ɗigo ko ɗaya, amma gindin kaskon ya taso ya matse bakin rariya, mai ba ya samun hanyar hawa sosai.

Me ya sa ladan yake da yawa?

Gasket ba shi da tsada. Abin da ake biya shi ne hannu da lokaci. Manomi ya fi kowa sanin wannan, domin gonaki biyu masu faɗi ɗaya ba su zama kuɗin noma ɗaya ba, in ɗaya jigawa ce, ɗaya kuwa laka ce mai ƙiri-ƙiri.

Haka motoci suke. A wata motar kaskon a fili yake, da an ɗaga ta an kwance ƙananan kusoshin da ke kewaye da shi sai ya sauko. Wannan aikin awa ɗaya ne ko biyu. A wata kuwa ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin inji, ko kayan sitiyari, ko salansa sun tare shi. Sai an kwance su, wani lokaci ma sai an ɗan ɗaga injin kansa. Wannan yana iya cin rabin yini, ko yini guda cur.

Tsufa kuma yana ƙara nasa. Kusoshi sun yi tsatsa, in ɗaya ta karye a ciki sai an huda an ciro guntun. Leɓen kaskon ya tanƙware saboda ɗaurin ƙarfi da kanikawan baya suka yi masa, sai an miƙe shi kafin sabon gasket ya zauna. Ga tsohon gam wanda sai an kankare shi sarai. Bakaniken da ya san aikinsa yana lissafa duk wannan kafin ya buɗe baki. Wanda ya yanka kuɗi kaɗan ba tare da ya duba ba, ɗayan biyu ne: ko ya tsallake wani aikin, ko ya ƙaro kuɗi bayan ya warwatsa mota, lokacin da mai ita ba shi da ta cewa.

Har wa yau ƙirar kaskon tana sauya lissafi. Galibin motocin da kaskonsu na ƙarfe ne, yakan lotsa, a buge shi ya koma, in ya huje a yi masa walda. Motocin baya-baya da yawa, irin su Golf 4 wadda ta fito cikin 1997, nasu na alminiyam ne. Shi ba ya lotsawa sai dai ya fashe, kuma ba kowane mai walda ke iya like shi ba. Sau da yawa gara a nemi wani na hannu mai lafiya a kasuwar kayan gyara, kamar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Mai saye ya kifa shi bisa shimfiɗaɗɗen tebur ya ga ko leɓensa ya zauna daidai, ya kuma gwada notin juye da hannunsa.

A tabbata daga ina yoyon yake

Nan ne aka fi hasarar kuɗi. Mai ƙasa yake gangarawa, kamar ruwan indararo. Ko daga murfin saman inji ya fito, ko daga filta, ko daga robar da ke tare mai a gaba ko bayan inji, a gindin kasko zai taru ya ɗiga. Mutum yana iya biyan kuɗin sauke kasko, ya koma gida, gari ya waye ya tarar da tabon nan yana nan.

Maganin wannan mai sauƙi ne. A wanke injin tas, a bari ya bushe, a tayar da shi ya yi zafi, sa'an nan a haska a bi sawun man har inda ya faro. In robar bayan inji ce, to, aikin ya zama wani, domin sai an sauke giya, ladansa kuwa ya fi na kasko nesa. In kuwa wajen notin juye ne kaɗai, watakila ɗan zoben da ke ƙarƙashinsa ne ya mutu, abin da ba ya bukatar a sauke komai.

Yadda ake gane na kirki

Bakanike na kirki ba ya faɗin kuɗi sai ya wanke ya duba, kuma yakan kira mai mota ya nuna masa wurin da yatsa. A nemi wanda ya saba da irin motar. Direbobin tasha masu jan irinta sun san shi, tambayarsu kuwa ba ta cin ko kwabo.

Mai mota ya tsaya ya ga aikin in da hali. Abubuwan lura su ne waɗannan. Ya wanke cikin kaskon da rariyar kafin ya mayar? Ya sa sabon gasket, ko tsohon ya shafe da gam? Gam mai yawa mugun abu ne, don abin da ya matso ta ciki yakan ɓalle ya toshe rariya. Ya ɗaure kusoshin a hankali, nan ɗaya can ɗaya, ko kuwa ya bi su a jere ya murɗe iya ƙarfinsa? In walda za a yi, a sauke kaskon a wanke shi tukuna. Walda a jikin mota da ragowar mai a ciki neman gobara ne. Bayan an like a zuba kananzir a ciki a ajiye a ga ko zai tsattsafo. Kada kuma a yarda a mayar da man da aka tara a ƙazamin daro.

Game da kuɗi, jinga ta fi. A rarraba lissafin uku: ladan hannu, kuɗin kaya, kuɗin sabon mai da filta. A yi magana tun farko a kan abin da za a ƙara in kusa ta karye. A kuma yi sharaɗi gaban shaida cewa in yoyon ya dawo cikin mako biyu, gyara na bakanike ne. Wanda ya amince da hannunsa ba ya ƙin wannan. In tsadarsa ta ɗara ta wani kaɗan, a tuna araha ba ta ado.

Tsohon man da aka juye kuwa kada a zubar da shi a gona, ko kusa da rijiya, ko inda dabbobi ke sha, domin yana kashe ƙasa yana ɓata ruwa.

Abu na ƙarshe shi ne lokaci. In kaka ta kankama gareji yakan cika, kowa yana sauri, mai gaggawa kuwa ba ya ciniki. Mai hankali ya kai motarsa tun hatsi yana tsaye a gona, ya kuma riƙa zaro sandar awon mai kowace safiya kafin ya yi lodi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya ba da kaka mai albarka, Ya kai kaya kasuwa lafiya, amin.